Babi Na Biyar: Me Ya Sa Sauka Ta Fi Tashi Wuya?

In dai mutum ya iya ɗaga ƙarfe sama, ya yi yawo da shi har ya ratsa gajimare, me zai gagare shi wajen ajiye shi a ƙasa? Tambayar da mutane ke yi ke nan duk lokacin da rediyo ya ce wani jirgin koyon tuƙi ya yi hatsari a wajen sauka. A ganin mai kallo daga ƙasa, tashi ne abin tsoro. Sauka kuwa ai gangara ce, ko dutse ka jefa sama ya san hanyar dawowa.

Batsari da Safana ba su da filin jirgi, amma mutanensu ba baƙin jirgi ba ne. Shekarun nan na rashin tsaro sun sa yaro a Ruma ko Runka ya saba da ƙarar jiragen soja masu shawagi ta kan dajin Rugu, kuma duk shekara akan raka alhazai filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, a dawo a tarbe su. Ka tambayi alhajin da ya je ya dawo, zai gaya maka lokacin da jirgi ya yi tsit, kowa ya kama salati, shi ne lokacin da aka ce a ɗaura bel za a sauka. Hankalin alhazan bai yaudare su ba. Alƙaluman da kamfanin Boeing ke fitarwa sun daɗe suna nuna cewa gangarowar ƙarshe da sauka 'yan mintoci ne kacal a cikin tafiya, amma kusan rabin munanan haɗurran manyan jiragen fasinja a nan suke faruwa. A ƙananan jirage ma, musamman na makaranta, haɗarin sauka shi ne kan gaba wajen yawa. Sai dai akwai sauƙi guda: mafi yawansa jirgi yake lalatawa, ba rai yake ɗauka ba.

Inda ake koyon abin

Ɗan Safana da ke son zama matuƙin jirgin farar hula, makarantar da ta fi kusa da shi ita ce ta Zariya. In ka taso daga Funtuwa ka wuce Shika da Samaru, kafin ka kai Kwangila za ka ga Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama a Palladan. An kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma matuƙan Nijeriya da yawa daga can suka fito, ciki har da Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a ƙasar, wadda daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. Akwai wata makarantar a Ilori, sojojin sama kuma suna da tasu a Kaduna.

Shekara da shekaru jirgin da ɗaliban Zariya ke fara hawa shi ne Tampico TB-9, ƙirar Faransa, mai inji ɗaya da farfela a hanci, kujeru huɗu, da tayoyi uku waɗanda ba a naɗe su. Daga baya aka fara shigo da jiragen Diamond na ƙasar Ostiriya, masu shan irin man manyan jirage, domin man da tsofaffin ke sha tsada gare shi kuma samunsa aiki ne. Hukumar binciken haɗurran jirage ta Nijeriya ta wallafa rahotanni fiye da ɗaya a kan jiragen Tampico da suka samu matsala a filin Zariya. Wannan ba abin gori ba ne ga makarantar. Duk inda ake koyar da tuƙin jirgi a duniya haka abin yake, kuma dalilin a bayyane yake.

Matuƙin babban jirgi da ya tashi daga Katsina zuwa Jidda sau ɗaya zai sauka bayan sa'o'i. Ɗalibi kuwa zagaye yake yi a kan fili: ya tashi, ya hau zuwa ƙafa dubu, ya karya kwana biyu, ya bi gefen titi, ya sake karya kwana biyu, ya sauka, tayoyi na taɓa ƙasa ya ƙara wuta ya sake tashi. A awa guda yana iya sauka sau shida ko takwas. Wato wanda ya fi kowa ƙarancin gogewa shi ne ya fi kowa maimaita abin da ya fi kowane wuya. Kuma ƙa'idar duniya ta ce kafin a ba mutum lasisin farko sai ya yi aƙalla awa 40 a sama, goma daga ciki shi kaɗai ba malami a gefensa. Ranar da malami zai buɗe ƙofa ya fita, ya ce "je ka yi zagaye ɗaya ka dawo", takan zo tun ɗalibi bai cika awa ashirin ba.

Gudu ne ke riƙe jirgi a sama

Mun gani a babin da ya gabata cewa ba inji ne ke ɗaga jirgi ba, iskar da ke bi ta kan fiffike ce. Inji tura shi gaba kawai yake yi. In gudu ya ninka, ƙarfin ɗagawa yakan ninka sau huɗu, in gudu ya ragu kuma ƙarfin ya zube da irin wannan saurin. Matuƙi na iya cike giɓin ta hanyar ɗaga hancin jirgi kaɗan don fiffike ya ƙara tarar iska, amma hakan na da iyaka. In aka wuce ta, iskar sai ta daina bin bayan fiffiken lami lafiya, ta hargitse, jirgi ya saki ya yi ƙasa ko da injinsa na aiki garau. A irin jiragen makaranta, in suna tafiya miƙe, wannan na faruwa ne a wajen gudun kilomita 90 a awa. Gudun da ake gangarowa da shi kuwa bai wuce kilomita 120 zuwa 130 ba. Dubi ƙanƙantar tazarar.

Duk mai babur da ke bin hanyoyin ƙauyukan Batsari ya san wani abu makamancin wannan a jikinsa. In kana zura gudu a kan kwalta, babur da kansa yake tsayawa, ɗan karkata jiki ya isa ka sha kwana. Wahalar tana lokacin da ka rage gudu za ka shiga yashi, ga buhu biyu a baya: kan babur ya fara rawa, kana murɗa shi dama da hagu yana amsawa a makare, in ka saki totur gaba ɗaya ka kife, in ka murɗa da yawa ka wuce inda za ka tsaya. Jirgi ma iska ce ke sa sitiyarinsa aiki, saboda haka da zarar gudu ya ragu sai ya yi laushi a hannu. Abin da ake nema ga mai sauka shi ne ya kawo jirgi daf da inda zai daina tashi, a lokacin da ya fi ƙin jin magana, a wurin da ƙasa ta fi kusa, sannan ya bar shi ya daina tashin a daidai lokacin da tsakanin taya da kwalta bai wuce taƙi ɗaya ba.

Tashi ba ya buƙatar wannan duka. Ka ba shi wuta, ka riƙe shi a tsakiyar titi, gudu na isa ka ja kaɗan, sararin sama kuma ba shi da gefe balle ka kauce masa.

Daƙiƙu goman ƙarshe

Mu shiga cikin jirgin mu zauna a kujerar baya. Ɗalibi na hagu, malami na dama, kowa da nasa sitiyarin da fedojin ƙafa. An sha kwanar ƙarshe, titi ya miƙe a gaba. Ɗalibi ya sauke faifan bayan fiffike, waɗanda ke ba jirgi damar tafiya a hankali ba tare da ya saki ba. Hannunsa na dama na kan totur. Idonsa na kai-komo tsakanin abu uku: allurar gudu, lambar da aka rubuta da farin fenti a bakin titi, da tsakiyar layi. A filayen da ke da su, akwai fitilu huɗu a gefen titi: in biyu fari ne biyu ja, kana kan hanya, in duk sun yi fari ka yi sama da yawa, in duk sun yi ja ka yi ƙasa da yawa.

Ya ƙetare shinge. Lambar ta shige ƙarƙashin hanci. A tsayin da bai fi na rufin soro ba sai ya janye wuta, inji ya koma sululu, ya fara jan sitiyari a hankali don hancin ya daina kallon ƙasa. Jirgi ya shimfiɗu a saman titi yana shawagi, gudu na zubewa. Yana ƙara nutsewa, shi kuma yana ƙara ja, kaɗan-kaɗan, kamar mai hana shi sauka. Ƙahon gargaɗi da ke nuna fiffike ya kusa saki ya fara kuka. Tayoyin baya biyu suka taɓa kwalta, ƙyit. Ya ci gaba da riƙe hancin sama har ya sauko don kansa.

Babu wata allura a gaban matuƙi da za ta ce masa "yanzu ka ja". Ido ne da sabo. Shi ya sa ba a koyon wannan a aji, ko ɗalibi ya haddace littafin tun daga bango har bango. In ya ja da wuri, jirgi zai tsaya a sama da tsayin mutum biyu, gudu ya ƙare masa a can, ya faɗo tim. In ya makara, ya daki ƙasa da saurin gangara. In ya fizga da ƙarfi alhali da sauran gudu, jirgi ya sake yin sama kamar an hura shi, ya bar shi a rataye babu wuta babu gudu. Kuskuren da kusan kowane sabon ɗalibi ke yi shi ne kafa ido a kan kwaltar da ke gaban hancinsa. Nan ƙasa gudu take yi, ido ba ya iya auna tsayi. Malamai kan ce masa ya ɗaga kai ya dubi can ƙarshen titi, daga nan ne gefen ido ke gaya wa mutum yana nutsewa ko yana hawa.

Tsalle da abin da ke biyo bayansa

Tayoyin jirgi ba ɗaya suke ba. Biyun baya an gina su don su sha duka. Ta gaba kuwa siririya ce, aikinta ta tallafi hanci a lokacin tafiya a ƙasa, kuma a samanta inji yake, a gabanta farfela ke juyawa da 'yar tazara kaɗan daga kwalta. Dokar sauka ta farko ita ce kada tayar gaba ta riga na baya taɓa ƙasa.

Ga yadda ake karya dokar. Ɗalibi ya zo da gudu fiye da kima. Jirgi ya ƙi sauka, yana ta shawagi, titi na ƙarewa. Ko kuma ya taɓa ƙasa da ƙarfi ya yi tsalle. Zuciyarsa ta ce masa ƙasa ita ce mafaka, sai ya tura sitiyari gaba don ya manna jirgin da kwalta. Tayar gaba ta daki ƙasa, ta cilla hancin sama. Fiffike ya sake tarar iska, jirgi ya tashi. Ɗalibi ya sake turawa, amma hannunsa a makare yake, turin ya zo daidai lokacin da hancin ke dawowa ƙasa don kansa. Duka na biyu ya fi na farko. Sau da yawa a karo na uku ƙafar gaba ke karyewa, farfela ta sari kwalta ta lanƙwashe, jirgi ya ja hanci a ƙasa ya tsaya. Ɗalibi kan fito da ƙafarsa, jiki na ɓari. Amma farfelar da ta daki ƙasa tana nufin sai an buɗe inji an duba cikinsa, jirgi ya yi makonni ko watanni a rumfa, sauran ɗalibai su yi ta jiran layi. A makarantar da jiragenta masu lafiya ba su da yawa, tsalle ɗaya na iya ja wa aji guda jinkirin kammalawa.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwon ƙananan jirage ne kawai. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda ya karkato zuwa Kano saboda yanayi ya ɓaci a Legas. Wajen sauka ana iska mai ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, ya juya ya bar titi, wuta ta kama. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202. Abin da ɗalibi ke koya a Palladan cikin jirgi mai kujera huɗu shi ne dai abin da zai riƙe ranar da mutum ɗari biyu ke bayansa.

Iskar gefe

Jirgi ya fi son ya sauka yana fuskantar iska, domin hakan na rage gudun da yake yi a kan ƙasa. In iskar ta biyo shi ta baya, tafiyar da zai yi kafin ya tsaya takan ƙaru sosai. Littafin jirgin Cessna 172, wanda makarantu da yawa a duniya ke koyarwa da shi, ya ce iskar baya mai gudun da bai kai kilomita huɗu a awa ba tana ƙara kashi goma cikin ɗari a kan nisan sauka. Wannan ne ya sa titunan jirage na Katsina da Kano da Kaduna duk suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma daga kudu maso yamma, sai a riƙa sauka ta wannan bakin ko wancan gwargwadon lokaci.

Amma iska ba ta sa hannu a yarjejeniya da kowa ba. In ta bugo ta gefe, jirgin da ke sama tafiya yake yi tare da ita, ko da hancinsa na kallon titi. Dole matuƙi ya karkatar da fiffiken da ke wajen iskar ƙasa kaɗan, ya taka fedar ɗaya ɓangaren don hanci ya tsaya a layi, ya sauka da taya ɗaya tukuna sannan ɗayar ta biyo. Hannu na cewa dama, ƙafa na cewa hagu. Ga sabon shiga wannan ya saɓa wa duk abin da jikinsa ya sani. Wurin da aka fi faɗawa kuma shi ne bayan an taɓa ƙasa: ɗalibi ya sauke ajiyar zuciya, ya saki sitiyari ya koma tsakiya, iska ta shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ko ta ture wutsiya hanci ya juya. Cikin daƙiƙa biyu jirgi ya bar kwalta ya shiga ciyawa, in da kwalbati ko rami a gefen to labari ya canja. A watan Mayun 2025 wani jirgin Diamond na makarantar Ilori ya kauce daga titi a wajen sauka, mutum biyun da ke ciki suka ji raunuka aka kai su asibiti.

Ƙasarmu tana da nata ƙarin. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, iska kan yi shara-shara, jirgi ya taɓa ƙasa da gudun da ya fi wanda allura ke nunawa. Da tsakar rana ƙasa mai zafi na tura iska sama gungu-gungu, ƙaramin jirgi ya yi ta tangal-tangal, ga guguwa da kan taso ba sallama ta ratsa fili. Da damina, duk manomi ya san iskar da ke riga hadarin gabas isowa, wadda ke yaye rufin kwano. Ita ce ke juya alƙiblar iska a kan titi cikin minti ɗaya. Da hunturu hazo ya shafe inda sama ta haɗu da ƙasa, alhali da wannan layin ɗalibi ke sanin ko jirginsa a miƙe yake. Ba lalaci ne ke sa makarantu su fi son tashin sassafe, ko su ajiye jirage kwana da kwanaki in hazo ya sauko ba.

Kwanar da ke kisa

Duk abin da na lissafa zuwa yanzu ƙarfe ya fi ci. Wanda ke cin rai yana faruwa ne kafin a iso titi, a kwanar ƙarshe, ƙafa ɗari huɗu ko biyar daga ƙasa.

Ɗalibi ya makara wajen shan kwana, ko iska ta tura shi, ya ga ya zarce layin titi. Yana so ya dawo. Jirgin da ya karkata yana buƙatar gudu fiye da wanda ke miƙe: in karkatar ta kai digiri 60, gudun da fiffike zai saki ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, wato 90 ɗin nan ta koma wajen 127, daidai gudun da yake kai. Ɗalibi ya san an hana shi karkata da yawa kusa da ƙasa, sai ya yi dabara: ya danna feda don ya jawo hancin da ƙafa, yana kuma jan sitiyari don kada ya nutse. Fiffiken ciki ya riga na waje saki. Jirgi ya kife ta wannan gefen ya fara juyawa, hanci ƙasa. A can sama malamai na koyar da yadda ake fita daga irin wannan, amma fitar na cin ɗaruruwan ƙafa, shi kuma ba shi da su.

Abin lura a nan shi ne ba inji ne ya mutu ba, ba fiffike ne ya karye ba. Mutum ne ya ƙi yarda cewa wannan gangarowar ta riga ta lalace.

Fasa sauka

Maganin kusan duk abin da ke cikin wannan babi guda ɗaya ne, kuma ana koya wa ɗalibi shi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. In gudu ya yi yawa, in ka zarce layi, in ka yi tsalle mai ƙarfi, in akuya ko kare ya shigo titi, in ma zuciyarka ce kawai ba ta kwanta ba, ka tura totur har ƙarshe, ka taka fedar dama don ƙarfin farfela kan ja hanci hagu, ka tsayar da nutsewa, ka janye faifan fiffike mataki-mataki, ka hau ka sake zagayowa. Minti biyar ko shida ne da ɗan mai kaɗan. Ba a cin tarar kowa a kai. Mai hasumiyar da ke ba jirage izinin sauka ba zai tambaye ka dalili cikin faɗa ba.

To me ya sa ba a yi? A ganina nan ne ainihin matsalar take, kuma ba a hannu take ba, a zuciya take. Mutum ya sa rai da ƙasa, yana ganinta ga ta nan. Abokan karatu na tsaye a bakin rumfa suna kallo. Iyaye sun sayar da gona ko shanu, ko gwamnatin jiha ce ta biya miliyoyi, kowace awa a sama kuɗi ce. Sai fasa sauka ta zama kamar faɗuwa jarrabawa a bainar jama'a. Mu kuma da tarbiyyarmu ta ɗora kunya a kan komai, abin ya fi kama mu. Yaron da aka raina a kan kada ya musa wa babba, in malami ya yi shiru, shi ma sai ya yi shiru ya ci gaba da gangarowa, yana zaton da akwai matsala da Kyaftin ya yi magana. Malamin kuma yana can yana jira ya ga ko yaron zai gane da kansa, domin in kullum ya karɓe jirgi da wuri ɗalibi ba zai taɓa koyo ba, in ya bari ya wuce lokaci kuma su biyun ne a ciki. Tsakanin shirun ɗalibi da shirun malami jirage da yawa sun lalace. Shi ya sa ake da ƙa'idar furtawa da baki: malami ya ce ya karɓi jirgi, ɗalibi ya amsa cewa ya sakar masa, don kada a wayi gari mutum biyu na ja, ko a rasa mai riƙe da shi.

Malamin kirki, in ɗalibi ya fasa sauka don kansa, yabonsa yake yi a gaban kowa. Wanda ke tsawa a kan haka yana koya wa yaro ya riƙa manna jirgi da ƙasa ko ta halin ƙaƙa, kuma ranar da zai biya kuɗin wannan darasi malamin ba ya cikin jirgin.

Akwai kuma ɗaya gefen kunyar, wato inda babu mai iya ce wa matuƙi a'a. Gwamnan Taraba Danbaba Suntai ya koyi tuƙi a Zariya yana kan mulki. Ranar 25 ga Oktoban 2012 ya tuƙo jirgin Cessna 208 daga Jalingo, ya faɗi kusa da Yola yana shirin sauka. Shi da mutanensa sun fita da rai, amma ya samu mummunan rauni a ka, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a Amurka a 2017. Rahoton hukumar bincike ya nuna cewa ba shi da cancantar tuƙa irin wannan jirgin, ba shi da shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, kuma tafiyar ta kai shi bayan faɗuwar rana, alhali da ido yake tuƙi. Lasisin farko izini ne na tuƙa ƙaramin jirgi a sararin da ake gani, ba ya ƙaruwa don muƙamin mai shi ya ƙaru.

Matashin Batsari ko Safana da Allah ya nufa da shiga wannan makaranta, in ya dawo hutu, kada a tambaye shi sau nawa ya sauka sumul. A tambaye shi ko ya taɓa fasa sauka ba tare da an ce masa ya fasa ba. In ya ce e, to ya fara zama matuƙi.

Sai dai duk wannan magana ta ginu ne a kan cewa inji na nan da rai, in ka tura totur zai amsa. Akwai ranar da ba zai amsa ba, kuma babu titi a kusa, sai gonaki da duwatsu da itatuwa. A babi na gaba za mu ga yadda ake koya wa ɗalibi saukar dole: nisan da jirgi ke iya yi ba inji, yadda ake zaɓen fili daga sama, abin da ya sa gonar da aka yi wa huɗa ke iya kifar da jirgi, da abin da ya kamata mutanen ƙauye su yi, da wanda bai kamata su taɓa ba, in jirgi ya sauka a bayan garinsu.